JAMB ɗin bara (2020) shiru, na bana (2021) zai rufe: a sake sayen fom ko a jira? Kuma ina ake samun tallafin karatu?

Ɗan Gwammaja:

Assalamu alaikum malamai da iyayenmu na wannan zaure. Barkanmu da sallah, Allah ya maimaita mana. Shawara nake nema a kan karatun ƙanwata.

Ta zauna JAMB a watan Maris na 2020, dab da a rufe makarantu saboda korona, ta ci maki 212. Jami'ar Bayero ta sa a zaɓin farko, tana neman kwas ɗin aikin jinya. Lokacin da ta yi rijista ba ta rubuta WAEC da NECO ba tukuna, saboda haka aka cike mata cewa tana jiran sakamako. Da sakamakon ya fito, a WAEC tana da kiredit a Turanci da Lissafi da Bayoloji da Kemistiri, amma Fiziks D7 ne. A NECO kuwa Fiziks ɗin C5 ta samu. Har yau shiru, babu gurbi, ga shi an ce rijistar bana ta 2021 za ta rufe 29 ga Mayu.

Mu sake saya mata fom ne, ko mu jira na baran? In za a sake, ta ina ake farawa da wannan maganar NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa? Sai maganar kuɗi: mahaifinmu a Kantin Kwari yake, kuma kullen bara ya taɓa jarinsa ƙwarai. Akwai tallafin da za ta nema tun yanzu wanda zai biya mata rijistar shekarar farko? Allah ya saka da alheri.

Mai Cibiyar Rijista:

Wa alaikumus salam Malam. Ku sake saya, kuma kada ku bari sai makon ƙarshe. Sayen fom ɗin bana ba ya soke na bara, kowace shekara da lambarta. In gurbin bara ya fito, sai ta karɓa ta bar na bana, asarar ba ta kai dubu biyar ba. In kuwa kuka zauna jira bai fito ba, shekara guda ce ta tafi, domin makin JAMB na zango ɗaya ne, ba ya tsallakawa zuwa na gaba.

Amma kafin ku kashe ko kwabo, akwai abin da nake zargi a bayaninka. Ka ce an cike mata tana jiran sakamako. Bayan sakamakon ya fito, an koma an ɗora shi a shafinta na JAMB? Wannan ne ke kayar da ɗalibai da yawa a zangon nan. A shekarun baya WAEC a Mayu da Yuni ake yi, sakamako ya fito kafin jami'o'i su fara ɗiba. A 2020 sai 17 ga Agusta aka fara WAEC, sakamako ya fito 2 ga Nuwamba. NECO ta fara 5 ga Oktoba, zanga-zangar EndSARS ta katse ta, sakamakonta bai fito ba sai Janairun 2021. Kusan duk wanda ya gama sakandare a 2020 da "ana jira" ya shiga, kuma da yawa ba su koma sun gyara ba. Manhajar CAPS, wadda duk wani gurbi ke bi ta cikinta tun 2017, ba ta bari jami'a ta tura sunan wanda babu sakamakon sakandarensa a ciki, ko da 300 ya ci. Ɗorawa a shafin jami'a daban, ɗorawa a shafin JAMB daban. Mutane kan yi na jami'a su ɗauka sun gama.

Ga yadda za ku duba. Ku shiga shafin JAMB da imel da lambar sirrin da aka buɗe mata a 2020, ku zaɓi shekarar 2020, ku shiga CAPS. In da waya ne, ku mayar da Chrome zuwa tsarin kwamfuta, in ba haka ba gaisuwar maraba kawai za ku gani, sauran ba za su buɗe ba. A gefen hagu akwai wurin da aka rubuta My O'Level. In kun ga darussa da makinsu, lafiya. In kun ga A/R, wato ana jiran sakamako, a gaban kowane darasi, ba a ɗora ba. Wannan ba aikin kafe na bakin titi ba ne, sai cibiyar da JAMB ta amince da ita ko ofishin JAMB, kuma ita da kanta za ta je. Ta tafi da takardun WAEC da NECO duka biyu a ɗora su tare, tunda Fiziks ɗinta yana NECO. Kada ta tashi daga wurin sai an sake buɗe shafin ta ga makin da idonta.

Sai rijistar bana, ta 2021. Bara an ɗage sharaɗin NIN, bana dole ne. A layin da yake nata, ta rubuta NIN, ta bar tazara ɗaya, ta sa lambobin nan 11, ta tura zuwa 55019. A 2021 ana cirar naira 50, saboda haka a sa kati na kira, ba data ba. Za a turo mata lamba mai ƙwaya 10, da ita ake sayen fom a banki ko wurin dillalan da aka amince da su: a 2021 naira 3,500 ne na fom, 500 na littafin karantawa, sai 700 na cibiya, 4,700 ke nan. Wanda ya ce ku ba da abin da ya wuce farashin da JAMB ta yanka da sunan rijista, ku canza wuri. In ta manta NIN ɗinta, *346# a layin da ta yi rijistar da shi zai fito da ita.

Inda ake samun cikas: layin da wani ɗalibi ya taɓa yin JAMB da shi ba zai yi mata ba, layi ɗaya ɗalibi ɗaya. Kada ta yi da layin mai kafe ko na ƙawa, domin ta nan sakamako da duk saƙon JAMB za su riƙa zuwa, har bayan ta shiga jami'a. An sake buɗe sayar da sabon layi tun 19 ga Afrilun 2021, wanda ba shi da nasa ya saya. Kuma in an tura saƙon amsa ba ta zo nan take ba, kada a yi ta turawa, kowane turi naira 50 ne. A gwada da asuba ko cikin dare lokacin da cunkoso ya ragu.

Jarrabawar gwaji ta 2021 3 ga Yuni ce ga wanda ya zaɓa, babbar kuma daga 19 ga Yuni zuwa 3 ga Yuli.

Ɗan Gwammaja:

Malam, Allah ya biya ku. Mun duba yanzu, A/R ne daga sama har ƙasa. Gobe in sha Allahu za ta je. Amma da muka fito da takardar NIN ɗinta, sai muka ga shekarar haihuwa 2002 aka sa, a WAEC kuma 2003 ne. Sunan ma a NIN sunan kakanmu ne a ƙarshe, a WAEC sunan mahaifinmu. Wannan zai hana?

Mai Cibiyar Rijista:

Ba zai hana rijista ba, can gaba zai tare ta, ranar tantance takardu a jami'a, kuma daga baya wurin bautar ƙasa. Bana cibiya ba ta rubuta suna da hannu, abin da ke rumbun NIMC, hukumar da ke ba da NIN, shi kwamfuta ke janyowa, babu mai ikon taɓa shi a nan. To a gyara a NIMC tukuna kafin a tura saƙo zuwa 55019, domin da zarar lambar ta fito, bayanan da ta ɗauko su ne suka zauna. A 2021 gyaran suna naira 500 ne, na ranar haihuwa 15,000, ta Remita ake biya, a tafi da takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya. Abin da za a bi shi ne na WAEC, saboda canza satifiket ɗin WAEC ya fi wuya nesa ba kusa ba.

Gyaran yakan ɗauki kwanaki kafin ya hau. In ya rage kwana uku a rufe bai hau ba, ta yi rijistar haka, daga baya a nemi gyaran bayanai a JAMB. Rasa rijista ya fi wannan muni.

Malama Mai Ba Ɗalibai Shawara:

Ɗana, Malam ya gama maganar rijista. Ni a kan zaɓin kwas zan tsaya, domin ɗora sakamako kaɗai ba lallai ya kawo gurbin da take so ba, gara ku ji tun yanzu.

Mutane na riƙe da 160 ɗin da taron JAMB na Yunin 2020 ya yanka wa jami'o'i, da 120 na kwalejojin fasaha, da 100 na kwalejojin ilimi. Wannan ƙofar gida ce kawai, ba ɗaki ba. Kowane sashe yana da adadin kujerun da aka amince masa, kuma likitanci da aikin jinya da haɗa magunguna da shari'a hukumomin sana'arsu ne ke ƙayyade yawan ɗaliban da za a ɗauka, jami'a ba ta isa ta ƙara ba. A jami'ar tarayya kaso 45 cikin 100 na cancanta ne zalla, 35 na jihohin da ke kewaye da jami'ar, 20 na jihohin da aka lissafa a matsayin na baya a ilimin boko. 'Yar Kano a Bayero tana da damar shiga ta kowace ƙofa cikin ukun, amma haka dubban 'yan Kano da suka nemi kwas ɗin nan. Da 212, aikin jinya zai yi wuya.

Bana abin ya ƙara tsanani. An rufe jami'o'i a Maris na 2020, ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta shiga yajin aiki daga 23 ga Maris har 23 ga Disamba, ba a koma aji ba sai daga 18 ga Janairun 2021. 'Yan aji ɗaya na wancan lokacin ba su matsa ba, ajujuwa da ɗakunan kwana ba su ƙaru ba, ga 'yan JAMB na 2020 a tsaye, ga na 2021 na tahowa. Ayari biyu ne a bakin ƙofa ɗaya.

Shawarata, a fom ɗin bara ta biya naira 2,500 ta canza zuwa kwas ɗin da darussanta na JAMB suka dace da shi amma bai kai jinya cunkoso ba, irin kwasa-kwasan tsangayar kimiyyar halittu ko koyar da kimiyya. A fara tambaya a ofishin ɗaukar ɗalibai ko har yanzu suna karɓar canji na 2020, kada a biya a banza. Ta riƙa leƙa CAPS aƙalla sau biyu a mako, domin wani lokaci jami'a da kanta kan ba ɗalibi tayin komawa wani kwas, kuma in bai amsa ba sunansa ba ya motsawa. Tayin yana zama a shafin, ba kowa ake kira a waya ba.

A fom ɗin bana kuma ta sake neman jinyar in zuciyarta na kai, amma ta yi karatu na neman maki mai yawa. Tambayoyi 180 ne cikin awa biyu, 60 na Turanci, 40 a kowane ɗaya daga sauran ukun. Wata guda ya rage, ta je ta saba da amsa tambaya a kwamfuta da agogo a gabanta. Sauran guraben zaɓi kada a bar mai cibiya ya cike su da ka. A 2021 akwai Jami'ar Yusuf Maitama Sule a cikin gari, akwai ta Kimiyya da Fasaha ta Wudil, akwai kwalejojin ilimi na FCE Kano da Sa'adatu Rimi da kwalejin fasaha ta jiha. Sai dai ku sani yawancin jami'o'i wanda ya sa su a farko suke dubawa, zaɓi na biyu sau da yawa sai an mayar da shi na farko yake aiki. Ga kuma makarantun koyon jinya da ungozoma, waɗanda ke fitar da nasu fom ɗin daban, ku sa kunne. Wanda ya bi ta karatun sharar fage na IJMB ko takardar malanta ta NCE ko difloma yana iya shiga jami'a kai tsaye a aji biyu, ba ɓata lokaci ba ne.

Haɗa WAEC da NECO ya halatta, zama biyu ke nan. Amma wasu kwasa-kwasan lafiya a wasu jami'o'i zama ɗaya suke so. A buɗe kundin JAMB na sharuɗɗan kwasa-kwasai a karanta layin jami'ar da kwas ɗin kafin a cike. Kuɗin tantancewar jami'a kuma bai wuce naira 2,000 ba bisa ƙa'ida.

Abu na ƙarshe, duk wanda ya ce zai samo mata gurbi ta bayan gida ba ta CAPS ba, ku guje shi. Za ta iya yin shekara huɗu tana shiga aji, ranar tura suna bautar ƙasa a ce JAMB ba ta san da ita ba.

Baba Sakataren Ƙungiyar Unguwa:

Yaro, maganar kuɗi zan faɗa maka ita yadda take. Kusan duk tallafin karatun da ke ƙasar nan wanda ya riga ya shiga makaranta ake ba, ba mai shirin shiga ba. Saboda haka kuɗin karɓar gurbi da rijistar shekarar farko da na ɗaki da na asibitin makaranta, ku ɗauka daga gida da unguwa za su fito, ku fara tanadinsu yau.

Hukumar tallafin karatu ta Jihar Kano ta 'yan asalin jiha ce da suke karatu, ana neman takardar gurbi da rasit ɗin rijista da katin ɗalibi. Ka ga sai an biya rijistar kafin a ma cike fom ɗin. Tallafin cikin gida na Hukumar Tallafin Karatu ta Tarayya daga aji biyu yake farawa, kuma ɗan jami'a sai yana da matsakaicin maki 4.0 cikin 5.0. A 2021 Gidauniyar MTN tana ba ɗaliban kimiyya da fasaha na makarantun gwamnati naira 200,000 a shekara har su gama, amma sai wanda ya wuce shekarar farko yana da 3.5 zuwa sama, kuma sai ya riƙe makin. Asusun bunƙasa fasahar man fetur na PTDF da kamfanonin mai su ma haka, galibinsu sakamakon aji ɗaya suke kallo, sannan a yi jarrabawa a kwamfuta. A 2021, wanda ake nema da sakamakon sakandare shi ne na yarjejeniyar gwamnatin tarayya da ƙasashe irin su Rasha da Maroko da Hangari, shi kuwa A da B ake so aƙalla a darussa biyar, kuma annobar nan ta dagula tafiye-tafiye. TETFund, hukumar asusun manyan makarantu, ba ta biya wa ɗalibin digirin farko, malamai da gine-gine take yi wa hidima, kada wani ya karɓi kuɗinku da sunanta.

Abin da wannan ke nufi ga ƙanwarka: makin aji ɗaya shi ne jarinta. Ɗalibin da ya yi wasa da zangon farko ya rufe wa kansa waɗannan ƙofofin gaba ɗaya. Kuma nan ma akwai hikimar shawarar Malama, domin 4.0 a kwas ɗin da ta fi ƙarfinsa ya fi kawo tallafi a kan 2.5 a kwas mai suna.

Takardun da za ku haɗa tun yanzu, tunda a 2021 ofisoshi na rage ma'aikata da yawan masu shiga saboda korona, abin kwana biyu yana cin mako biyu: takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma, takardar haihuwa, hotunan fasfo, da asusun banki da sunanta ita kanta mai BVN. Sunan da ke asusun ya zama daidai da na NIN da na JAMB, harafi da harafi. Kuɗin tallafi da dama kan maƙale ne saboda an ba da asusun yaya ko na uwa. A ɗauki hoton kowace takarda a fili, a ajiye a imel ɗinta, saboda fom ɗin intanet kan buɗe ya rufe cikin 'yan makonni.

Na shekarar farko kuwa, ga yadda ake yi a samu. Idan gurbi ya fito, shafin makaranta zai fitar da takardar biya mai lambar Remita ƙwaya 12. A buga ta, a haɗa da takardar gurbi ta JAMB da gajeriyar wasiƙa da mai unguwa ko limami ya sa wa hannu. Da wannan ake zuwa wurin ƙungiyar ci gaban unguwa, kwamitin masallacin Juma'a, ƙungiyar tsofaffin ɗaliban makarantarta, ofishin ɗan majalisar mazaɓa, da Hukumar Zakka da Hubusi. Kada a ce a ba mu kuɗi, a ce ga lamba a biya kai tsaye. Mai bayarwa ya fi sakin jiki in ya san kuɗinsa asusun makaranta za su faɗa, ya kuma karɓi rasit. 'Yan kasuwa da yawa suna fitar da zakkarsu a Ramadan ko a Muharram. Ramadan ya wuce, to a sanar da su kafin Muharram, kada a zo an riga an raba. A gida kuma, in da mai shiga adashe, a roƙi uwar adashe ta sa kwasarku ta faɗo lokacin rijista. Bashin ruwa na manhajojin waya kada ku kusance shi.

Sannan saƙonnin nan da ke yawo a WhatsApp, wai tallafin korona ga ɗalibai, danna nan ka tura wa mutum goma. Shafin gwamnati da gov.ng yake ƙarewa, na jami'a da edu.ng. Babu tallafin gaskiya da zai nemi lambar katin cirar kuɗi ko lambar sirrin da banki ya turo a waya.

Malama Mai Ba Ɗalibai Shawara:

Baba, a yi mini afuwa in ƙara kaɗan a kan maganarku. Akwai tallafin kamfanoni da ke karɓar 'yan aji ɗaya, musamman a likitanci da injiniyanci, saboda haka ta riƙa duba allon sanarwa na ofishin kula da harkokin ɗalibai tun makon farko, kada ta ce sai aji biyu. Amma gaskiyarku ce, ko su sai an yi rijista.

Ɗana, wani abu da ya fi kowanne gaggawa, tunda jiya-jiya aka yi sallah: ka dubi hannunta. In akwai lalle a kan yatsu, na'urar ɗaukar zanen yatsa ba ta karantawa da kyau, kuma yatsu goma ake ɗauka. JAMB ta sha yin gargaɗi a kan haka. In an ɗauka da lalle ya hau da ƙyar, ranar jarrabawa yana iya ƙin buɗewa, kuma wanda yatsansa bai buɗe ba ba ya shiga ɗaki. Kada a goge da bilic ko wani sinadari, yana cinye zanen fatar ne ya ƙara ɓata lamarin. A bar shi ya kwashe da wanke-wanke da ruwan ɗumi, a yi aikin NIMC a wannan makon, a ɗauki yatsan a mako na biyu. Daga nan har ta fito daga jarrabawa babu ƙunshi, ko da bikin wa ake yi. Ranar kuma ta tafi da takunkumi, bisa dokar korona ta 2021, da takardar da ta sake bugawa mai nuna cibiya da lokaci, ta bar waya da agogo a gida.